Famfon da Anka Bari Ya Huta

Tun ranar da na dawo ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na fita sayen sabulu sai a tare ni: "Samsiya, wai ke ce kinka hana Alhaji kuɗinshi?" In na ratsa layin masu albasa a kasuwa, sai an ja mini zane. Ƙawayena Mariyama da Fati kuwa sau huɗu suna sa ni ina maimaita labarin, kowane karo su ce na tsallake wani wuri. To ga shi na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta ma wadda ba ta iya ba, ku ƙyale ni in huta.

Da farko dai ku sani, ni ban nemi wagga tafiya ba. Yanzu in meri, wato ofishin magajin gari, ta ba ɗan kwangila aiki, ba ta cika mishi kuɗinshi sai an tura mutane sun ga aikin da idonsu, sun sa hannu a takarda. Cikin masu zuwa kuma ana sa mutum guda daga ƙungiyoyin gari, wanda ba ma'aikacin meri ba ne. Wannan karon abin ya faɗo kan ƙungiyar mata masu albasa, wadda Gwaggo Zali, ƙanwar babana, ke shugabanta. Gwaggo ba ta jin Faransanci, gwiwarta kuma ba ta ɗaukar awa uku bisa moto mai ƙafa biyu. Sai ta aiko anka kira ni.

"Ke da anka kashe ma kuɗin karatun boko a lakwal har sakandaren lise, yau za mu ga amfaninki," ta ce.

"Gwaggo, mi za ni gani can?"

"Famfo ne anka yi ma wani ƙauye gaba da Madekali. Ki duba in shina ruwa, ki sa hannu, ki dawo. Kuma ki riƙe bakinki, na san halinki."

Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba, don mutanen sun yi mini kirki. Ɗan kwangilar kuwa kowa ya san shi, Alhaji Illiyasu, abokin babana, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Tun ina rarrafe ya san ni. Shi ya riga mu tafiya da kwana ɗaya cikin motarshi, ta doguwar hanya.

Abokin tafiyata Musye Kojo ne, mai duba gine-gine na meri, mutumin kudu. Shekararshi uku a garinmu Malanbil, amma Hausarshi ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba, Dandancinshi, yaren yankinmu, ma bai kai nan ba. Don haka aikina ya zama biyu: ni ce idon jama'a, ni ce kuma bakinshi. Ya zo tasha da takardu cikin leda biyu, da gorar ruwa, da ƙullin garin rogo da sukari, kamar wanda za shi ƙasar da ba a dafa abinci.

Kabu-kabu biyu munka ɗauka. Mai tuƙa ni dattijo ne, Baba Tanko, mutum mai surutu kamar rediyo. Tun daga bakin gari har Garu labarin shinkafarshi yake ba ni, yana juyo da kai yana kallona, ni kuwa ina ta cewa, "Baba, dubi gabanka!" Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, hanya duk ta zaizaye. Gaba da Garu kaɗan akwai wani kwari da ruwa ya kwanta. Baba Tanko ya ce ya san wurin kamar ɗakinshi. Bai rufe baki ba sai ga mu cikin laka har ƙugu, da ni, da shi, da sabon zanena wanda ko wanki ɗaya bai sha ba. Na ɗaga kai, sai na ga na bayanmu ma sun faɗi, Musye Kojo zaune cikin ruwa, hannuwa biyu sama, ya ɗaga ledar takardu. Abin da ya fara ce mini shi ne, takardun ba su jiƙe ba. Bai ko tambaya ba in na karye.

A Madekali munka tsaya na ɗauraye ƙafa, munka ci kopto, wato kwaɗon zogale, da soyayyen kifi wurin wata mata mai rumfa. Nan na fara ganin abin mamaki: ta faɗa mini kuɗin da dala, lissafin sefa irin namu, ta juya ta faɗa ma na kusa da ni da naira, duk cikin numfashi ɗaya, canjinta kuma gwangwani biyu ne, kowane da irin kuɗinshi. Mu da ke taƙama da babbar kasuwa, ban ga wadda ta kai ta saurin lissafi a layinmu ba.

Daga fita garin akwai igiya gicciye a hanya, da jandarma ɗaya zaune ƙarƙashin itace. Ya karanta takardar aikinmu tun daga sama har ƙasa, ya dubi Musye Kojo, ya dube ni da lakar da ta bushe mini a zane.

"Madmazel ma injiniya ce?"

"A'a, ni ce jama'a."

"Ke ɗaya?"

"Sauran suna kasuwa."

Ya yi dariya har hularshi ta karkace, ya sauke igiya.

Sai man Baba Tanko ya ƙare, ko kuwa ya ce ya ƙare. Ya saki hanya ya bi wata ƴar turba cikin gero, munka ɓulla gaban wani mai kwalaben mai. Wayata ta yi ƙara, na duba, saƙo da Ingilishi. Mai man ya ce, "Barka da zuwa Najeriya, Hajiya." Na ce mi? Ya nuna mini wata tsamiya bayanmu, ya ce iyakar ke nan. Ba gada, ba ƴan duwan masu binciken kaya, ba mai tambayar katin shaida. Mu a gida in an ce iyaka, gada ce da layin manyan motoci da mutane masu kaki. Nan tsamiya ce da akuya ɗaure a gindinta. Musye Kojo da na fassara mishi sai ya rikice, wai takardarshi ba ta ba shi izinin fita ƙasa ba, a maida shi yanzu-yanzu. Zuwana ƙasar waje na farko ke nan, minti goma, kuma mai na je saye.

Da la'asar munka isa ƙauyen. Ban taɓa ganin tarba irin wannan ba. Mata suna guɗa, maza sun jeru, an shimfiɗa tabarmi, kowa na ce muna "fo nda goy" wato sannu da aiki, kamar mu munka haƙa rijiyar da hannunmu. Famfon kuwa ga shi tsakiyar fili, sabo fil, an ɗaura mishi turmin zane a wuya. Alhaji ya taso da fara'a.

"A'a, ɗiyata ce anka turo? To ai gida ya zo gida. Mi ya sami zanenki?"

Maigari ya yi jawabi mai tsawo. Ya gode ma Allah, ya gode ma magajin gari, ya gode ma Alhaji da ya tuna da talakawa ya kawo musu wagga babbar kyauta, har ni ya gode mini. Ina fassarawa. Da na zo kan kalmar kyauta, Musye Kojo ya ɗaga gira. Ya kwance zanen, ya kama hannun famfo, ya duba agogo, ya cika bokiti ɗaya, ya cika na biyu. Ruwa garai-garai. Ya ɗanɗana, ya rubuta. Aka sake guɗa. Ya fito da takardar sa hannu, sai Maigari ya ce a'a, a garinsu baƙo ba ya taɓa alƙalami da yunwa, a bari sai da safe.

Alhaji ya yanka rago. Ni an kai ni gidan yayar Maigari, Inna Hawa, tsohuwa doguwa mai sayar da busasshen kifi, wadda ta koyi Hausa a kasuwanni. Aka aje mini tuwon dawa da miyar kuka da nama har ya rufe miyar, aka ja labule aka bar ni ni ɗaya. Na leƙa na ce su zo mu ci, sunka yi ta dariya. A can baƙo shi kaɗai yake ci, kada a ga lomarshi ya ji kunya. Mu da a gida in ba ki yi sauri ba ƙannenki sun share kwano, sai na ji tuwon ya ƙi wucewa. Ƙarƙashin gadon da anka ba ni kuma akwai kaza kwance kan ƙwai, duk juyin da na yi sai ta yi mini gargaɗi.

Ruwan wankan da anka kawo mini ja ne, har da ɗan ƙarnin kogi. Na ce a raina ƙila tukunyar ce.

Da gari ya waye na fito ƙofar gida da buta. Sai ga mata a jere, kowacce da tasa a kai, sun nufo famfo. Na tsaya ina kallo. Sunka zo daidai famfon, sunka ratsa ta gefenshi, ko kallonshi ba su yi ba, sunka miƙe hanyar kogi.

Na aje buta na taka zuwa wurin. Ku da kuke ɗiban ruwa a famfon unguwarmu kun san yadda gindin famfo yake: caɓi, da sawun ƙafa, da awaki, da ƙudan zuma suna shawagi. Wannan ƙasar gindinshi busassa ce ƙamas, sai ɗan danshin bokiti biyu na jiya.

Na koma na tarar da Inna Hawa tana jera kifi a faifai.

"Inna, don mi mata ke zuwa kogi ga famfo?"

"Sun saba."

"Inna, don Allah."

Ta dube ni, ta dubi ƙofa. Ta ce, "Hutawa yake yi."

"Wa ke hutawa?"

"Famfon mana. In an matsa mishi, tasa takwas, tara, sai ya ɗauke. Sai ya kwana ya tara wani. Da munka ji baƙi za su zo, Maigari ya ce kada wanda ya taɓa shi kwana huɗu, don ya samu abin da zai nuna."

Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Na zaci za ta ce Alhaji ne ya ba su kuɗi su yi shiru. Na tambaye ta haka kai tsaye. Ranta ya ɓaci.

"Wane irin kuɗi? Mu ba a saye mu. Ke ɗiyar birni, ba a koya muku komi ba? Mutum ya taso daga nesa da injinshi ya yi muku alheri, ku tsaya gaban baƙi ku ce alherinka bai cika ba? Wa zai ƙara kawo muna wani abu? Tasa taran ma da ba mu da ita."

"Inna, ba alheri ba ne. Biyan shi anka yi."

"To magajin gari ya biya, Allah ya saka mishi."

"Ba daga aljihunshi ba! Inna, in kin kai kifi kasuwa, ba a yanka miki tikiti?"

"Dala ashirin. Kowace kasuwa. Ko na sayar ko ban sayar ba."

"To su ne. Naki, da na Gwaggona, da na masu shanu a kasuwar Gene, da abin da gwamnati ke turo ma komin ɗinmu, wato ƙaramar hukuma, shi ma na mutane ne. Su anka tara anka ba Alhaji. An ba shi kashi na farko. Saura na ƙarshe, shi ne in na sa hannu yau za a ba shi, ya tafi, ba mai sake ganin injinshi a nan."

Ta daina jera kifin. "Nawa ne duka?"

Na gani a takardar Musye Kojo, sefa miliyan shida ne. Na juya mata shi yadda za ta ji, kowace jikka sefa dubu: "Jikka dubu shida."

Ta sa na sake faɗa. Na ga leɓenta na motsi, na san shanu take mayar da su. Ta rufe kifinta da wani faifai, ta ɗauki gyale, ta fita. Na ce shi ke nan, na ɓata ma mai masaukina rai a banza.

Kun san ni da rashin haƙuri. Ko karyawa ban yi ba na nufi ƙofar Maigari. Maza sun taru, an fito da tebur, takarda a kai, Alhaji har ya sa hannu a nashi wurin. Musye Kojo ya miƙo mini bik in sa hannu. Na ce mishi da Faransanci ba zan sa ba, na gaya mishi dalili. Alhaji yana jin Faransancin kwangila sarai. Murmushinshi bai gushe ba.

"Ɗiyata, jiya kin ga ruwa ko ba ki gani ba?"

"Na gani, Baba Alhaji."

"Kin ji wani a garin nan ya yi kuka?"

Ya juya wajen Maigari. Maigari ya dubi ƙasa ya ce famfo lafiya lau, sun gode. Dattawa sunka amsa, sun gode.

"To kin ji. Masu abu sun ce sun gode, ke da kinka kwana ɗaya kin fi su sani? Sa hannu mu kama hanya kafin rana ta yi zafi. Ragon jiya bai yi miki daɗi ba ne?"

Aka yi dariya.

Musye Kojo ya jawo ni gefe. Ya ce shi ya auna jiya ya ga ruwa, mutanen gari sun ce lafiya, ba ya iya rubuta jita-jita a takardar hukuma. In akwai abin gani, a nuna mishi, zai tsaya ko har yamma ne.

Na ce to. Na ɗaure gyale a ƙugu, na ɗauki bokiti, na kama hannun famfo. Na cika ɗaya na zubar. Na cika na biyu. Ashe aikin nan ba irin buɗe famfon gida ba ne. A na uku kafaɗuna sunka fara rawa, a na huɗu tafin hannuna ya tashi. Ruwa kuwa sai zuba yake, fari tas, kwana huɗu yana tara shi. Maza sun kewaye ni. Wani ya ce da Dandanci, yana zaton ba na ji, a kawo ma ƴar lakwal kujera kada ta faɗi. Baba Tanko ya matso ya ce a hankali, "Ɗiyata, bari hakanan, kin yi iyakar ƙoƙarinki." Alhaji ya duba agogo. Gaskiya na kusa kuka, kuma na fara tunanin ko tsohuwar ta ƙara gishiri ne.

Sai na ji ƙarar tasoshi.

Inna Hawa ce a gaba, bayanta mata sun fi ashirin, waɗanda na gani sun tafi kogi. Tasoshinsu babu ruwa. Ashe bin su ta yi har bakin kogi ta juyo da su. Maigari ya miƙe.

"Yaya, mi ke nan? Gaban baƙi?"

"Zauna, Umaru. Ruwa munka zo ɗiba a famfonmu."

Ta ture ni gefe da hannu ɗaya kamar labule. "Ba haka ake yi ba, kina ta tsalle kamar fara." Ta aje tasa, ta kama ƙarfen, ta shiga bugawa a natse. Tasa ta cika, wata ta ɗauke, wata ta aje. Babu guɗa, babu magana, sai ƙarar ƙarfe. Musye Kojo ya fito da agogonshi da littafin rubutu. Ni ina ƙirgawa da ƙarfi, da Hausa, don kowa ya ji. A ta biyar ruwan ya sirance. A ta shida famfon ya yi tari kamar tsoho, ya tofo jar laka, sai iska. Matar da ke bugawa ta ci gaba har sau ashirin, ba ko ɗigo. Sauran matan suna tsaye a layi da tasoshinsu, ba wadda ta motsa.



Alhaji ne ya fara magana, kuma ba da ni yake ba. Ya ce dutse sunka tarar a ƙasa, in ya ƙara zurfi hasara zai yi, kuma shi bai ce kowa ya ɓoye komi ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa, shi ne ma abin da ya fi tayar mini da hankali. Bai roƙi kowa ba, bai ba kowa ko dala ba. Ya dai san mutanen, ya san ba za su iya buɗe baki ba, ya sayi rago.

Musye Kojo ya zauna ya rubuta cewa ba a karɓi aikin ba sai an ƙara zurfi an sake aunawa. Ya karanta da ƙarfi, na fassara da Hausa da Dandanci. Na sa hannu da yatsun da ko bik ba su iya riƙewa da kyau. Alhaji ya kaɗe rigarshi.

"Zan ga babanki."

"Shina gida, Baba Alhaji."

Ya gan shi kuwa. Wannan wani labari ne, kuma ba naku ba ne.

Maigari bai raka mu ba. Ban ji haushi ba, na san na sa shi jin kunya gaban mutanenshi. Inna Hawa ce ta biyo mu har wurin moto, da ƙullin kifi a hannu, ta cusa mini cikin jaka ba tare da ta dube ni ba. Na hau bayan Baba Tanko, ya tada inji. Sai ta riƙe mini hannu, ta nuna wani gini mai aji biyu a bakin gari, rufinshi ya ɗaye ta gefe guda.

"Tambayar mini mutumen nan naki. Waccan lakwal fa, ta wa ce?"

Na tambayi Musye Kojo. Ya ce duk hanya ɗaya ce, kuɗin komin ne.

"Taku ce, Inna."

Ta daɗe tana kallon rufin.

"Shekara shida," ta ce, "duk Sallah sai mun tara kaji mun aika ma wanda ya gina ta."